Babi na Bakwai: Fida, Roba da Ruwan Zafi

Idan watan mai ciki ya kama a Paki ko Ikara ko Hunkuyi, akwai kayan da ake haɗa mata waɗanda kowa ya san su: bahon wanka, filas, tawul, sabulu, man shafawa, kayan sanyi na jariri. A tsakiyarsu akwai wani abu da bai daɗe da shigowa ba amma ya zauna daram kamar da shi aka gaji jego, wato fida, wadda wasu tsofaffi ke kira bulumboti. Mai saye yakan duba abu uku: ko tana yoyo, ko kan nonon yana da taushi, da kuma kuɗinta. Da wuya ka ga wanda ya juya gindinta ya duba da wace irin roba aka yi ta. Wannan rashin dubawa ba laifin mai saye ba ne, domin ba wanda ya taɓa gaya masa cewa roba iri-iri ce, kuma wata tana sakin wani abu daga jikinta ya shiga abin da aka zuba mata. Abin da nake son tabbatarwa a wannan babi shi ne, damuwar da aka yi a ƙasashen Turai da Amurka game da robar fida ta fi shafar jaririn ƙauyen arewacin Kaduna fiye da jaririn da aka yi damuwar dominsa, kuma maganin da suka samo wa kansu, wato sauya wata roba da wata, ba zai wadatar da mu ba.

Sinadarin da ya jawo maganar sunansa bisfenol A, amma an fi saninsa da BPA. Wani masani ɗan Rasha, Aleksandr Dianin, shi ya fara haɗa shi a 1891. A shekarun 1930 wani likita a Ingila, Charles Dodds, yana neman maganin da zai yi aiki irin na sinadarin mace da ake kira istirojin, sai ya gwada BPA ya ga yana kwaikwayon wannan aiki, ko da yake da rauni. Aka ajiye shi a gefe. A 1953 masana a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka suka gano cewa idan aka sarƙa ƙwayoyin BPA da juna ana samun roba mai ƙarfi, garau kamar gilashi, wadda ba ta fashewa idan ta faɗi. Ita ce folikabonet, kuma ba a daɗe ba ta zama abin yin fida a ko'ina cikin duniya. Wato an ɗauki abin da aka san yana kwaikwayon sinadarin jiki aka gina mazubin abincin jarirai da shi, bisa zaton cewa da zarar ya daskare ya zama roba ba zai sake kuɓucewa ba. Zaton ya warware a 1998 a wani ɗakin bincike na Jami'ar Case Western Reserve a Amurka. Wata masaniya mai suna Patricia Hunt tana nazarin ƙwan ɓeraye mata, sai kwatsam ta ga lalacewa ta yi yawa a ƙwan ɓerayen da ba a yi musu komai ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar an wanke kejinsu da gorunan ruwansu na roba da wani sabulu mai kaifi bisa kuskure, robar ta ci, BPA ya tsiyaya, ɓerayen suka sha. Abin tsoro a irin waɗannan sinadarai shi ne jiki da ɗan mitsitsi yake aika saƙonninsa. Saƙon da ke gaya wa ƙwaƙwalwa da mahaifa da maraina yadda za su ginu ba ya buƙatar cokali guda, don haka mai kwaikwayonsa ma ba ya buƙatar yawa kafin ya rikita lissafi, musamman a watannin da ake kan ginin.

Abubuwa uku ne ke kwance sarƙar robar: zafi, sabulu mai kaifi, da gogewa. Masu bincike a Jami'ar Cincinnati sun nuna a 2008 cewa zuba tafasasshen ruwa a gorar folikabonet yana iya ninka saurin fitar BPA har sau 55 idan aka kwatanta da ruwa mai sanyi. Kafin su, a 2003, wani bincike a Norway ya gwada fidoji sababbi, sannan ya yi ta wanke su da tafasa su da goge su da buroshi, ya tarar abin da suke saki ya ƙaru sosai bayan sun sha wanki. A 2009 kuma a Harvard aka sa ɗalibai 77 su sha ruwan sanyi kawai daga irin waɗannan goruna na mako guda, sai BPA da ke cikin fitsarinsu ya ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku. Waɗannan manya ne masu ƙosasshiyar hanta da ke iya sarrafa sinadarin ta fitar da shi cikin sa'o'i. Hantar jariri sabon haihuwa ba ta gama koyon wannan aiki ba, ga shi nauyinsa kilo uku ne ko huɗu, ga shi kuma idan da fida ake ciyar da shi, duk abin da zai shiga cikinsa dare da rana ta mazubi guda yake bi.

To a duba yadda fida ke rayuwa a gida irin na Paki. Tun kafin a saye ta, ta yi watanni a rataye a gaban shago ko a shimfiɗe a tabarmar ɗan koli ranar kasuwa, rana tana dukanta, a yankin da zafin bazara kan kai digiri 40 a watan Maris da Afrilu. Idan ta shigo gida, uwa mai tsafta, wadda ta saurari abin da aka gaya mata a wurin awo, za ta jefa ta cikin tukunya ta tafasa a kan gawayi. Za ta wanke ta da omon wanki, domin shi ne a kusa, kuma omo yana cikin sabulai masu kaifin da ke cin wannan roba. Idan madara ta daskare a gindi, a sa soso ko tsinke ko cokali a kankare. Da dare a tsiyayo ruwa daga filas yana tururi, a zuba kai tsaye, a jefa garin madara, a girgiza da ƙarfi. Idan yaro ya ɗan tasa, a faɗaɗa hujin kan nonon da allura ko reza, a ɗura koko ko kunu da zafinsa a bar shi ya huce a ciki. Kuma ba a yar da fida don ta yi hazo ko ta yi jirwaye. Sai ta tsage. Wadda yaya ya sha da ita ake ajiye wa ƙane, wani lokaci ma a cikin kayan gwanjo aka samo ta, ba wanda ya san shekararta ko ƙasar da ta fito. Duk sharuɗɗan da masu bincike suka ƙirƙira a ɗakin gwaji don su ga iyakar abin da roba za ta saki, a nan su ne rayuwar yau da kullum. Kuma abin da ya fi ɗaure kai, uwar da ta fi kowa ƙoƙarin tsafta ita ce ta fi gana wa robar azaba.

Mai ja da wannan magana zai ce su kansu masanan ba su daidaita ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kanada ce ta fara sanar da hana fidar BPA a 2008, dokar ta fara aiki a 2010. Tarayyar Turai ta bi a 2011, haka ma Sin da Afirka ta Kudu a shekarar. Amurka ta cire izinin a 2012, amma ta ce dalilinta shi ne kamfanoni sun riga sun daina amfani da shi, ba wai ta gamsu yana cutarwa ba, kuma babban binciken da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta jagoranta, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2018, bai sa ta sauya ra'ayi ba. A ɗaya ɓangaren, hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi ta rage ma'aunin da ta ce jiki zai iya ɗauka kullum ba tare da illa ba: a 2015 ta sauko da shi daga 50 zuwa 4 a ma'aunin maikurogiram kan kowane kilo na nauyin jiki, a 2023 kuma ta sake rage shi sau 20,000, saboda abin da aka gani yana yi wa garkuwar jiki a dabbobin gwaji. Hukumar tantance haɗari ta Jamus ta ce an wuce gona da iri. Duk da haka a ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta amince da hana BPA a kayan da ke taɓa abinci. Mai karatu zai iya cewa, tunda malamai sun saɓa, a bar kowa da fidarsa. Ni ban ga haka ba. Saɓanin nasu a kan yawan da zai cutar ne, ba wanda ya musa cewa sinadarin yana fita kuma yana shiga jiki, kuma tun daga 2015 duk lokacin da aka sake zaman lissafi a Turai ƙasa ma'aunin yake yi. Sannan lissafin masu cewa ba komai an gina shi ne a kan gidan da ake sauya fida bayan 'yan watanni, ake wanke ta da sabulun da aka yi dominta. Ba da gidanmu aka yi lissafin ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan magana ba ta kama zukatanmu. Mun san guba mai kisa nan take. A ƙarshen 2008 maganin haƙori na yara mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da sinadarin da ke kashe ƙoda, ya hallaka yara 84 a Najeriya, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana cikin wuraren da aka kwantar da su. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Waɗannan sun bar kaburbura, an ƙirga, an yi kuka, hukuma ta motsa. BPA ba ya barin kabari da sunansa. Idan ya yi illa, illar tana ɓoye ne a cikin abubuwan da ke bayyana bayan shekara goma ko ashirin, kamar balaga da wuri, matsalar haihuwa, ƙiba da ciwon sukari, waɗanda bincike ya alaƙanta da shi ba tare da ya iya nuna mutum guda ya ce wannan fida ce ta jawo masa ba. Ba daidai ba ne a tsorata uwa da cewa fida za ta kashe mata ɗa gobe. Haka kuma ba daidai ba ne a ce abin da ba ya kisa gobe ba abin kulawa ba ne, alhali kauce masa bai fi ƙarfin talaka ba.

Wani zai ce ai an gama da wannan, yanzu kusan kowace fida a kanti an rubuta mata cewa babu BPA a cikinta. Rubutun yana da amfani idan gaskiya ne, amma tawada ce, kuma mai shago a Makarfi da ya saro kayansa daga Sabon Garin Kano ko Zariya ba shi da hanyar gwadawa, balle mai saye. Abin da ya fi rubutun amfani shi ne ɗan tambarin kusurwa uku da ke gindin roba: lamba 7 tare da haruffan PC alama ce ta folikabonet, lamba 5 ko PP kuwa wata roba ce da ba a yinta da BPA, takan yi ɗan duhu-duhu, ta fi taushi. Fidar da ba ta da wata alama ko sunan kamfani, ga ta garau da tauri, ita ce abar zargi. Sai dai ko rubutun gaskiya ne, bai rufe maganar ba. Wasu masana'antun da suka bar BPA sun koma ga danginsa, BPS da BPF, waɗanda gwaji ya nuna su ma suna kwaikwayon istirojin. Ita kuma robar PP da aka koma gare ta, a watan Oktoban 2020 masu bincike a Kwalejin Trinity ta Dublin suka wallafa cewa idan aka haɗa madara a cikinta da ruwa mai zafin digiri 70 aka girgiza, tana iya sakin ɓarɓashin roba da ido ba ya gani har miliyan 16 a lita guda, kuma idan zafin ya kai digiri 95 adadin kan haura miliyan 50. Su da kansu sun yi gargaɗin cewa bincikensu ya ƙirga ɓarɓashin ne kawai, bai auna abin da yake yi wa jariri ba. Amma darasin a fili yake: an sauya roba, zafi bai sauya hali ba.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a kan abin da nake faɗa ta ma'aikatan lafiya ce, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Za su ce abin da ke kashe jarirai a Ikara da Kudan gudawa ce da amai da tamowa, ba sinadarin roba ba, kuma idan aka tsorata iyaye mata da tafasa fida har suka daina, za a binne yara da yawa a kan gudun illar da ba a tabbatar ba. Wannan gaskiya ce tsantsa. Garin madarar gwangwani ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007 ta ce a dama shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, kuma duk abin da ya saura bayan sa'a biyu a zubar. Ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda, duk sai an tafasa. Kada wanda ya karanta wannan babi ya fahimci cewa a rage tafasa. Amma a lura da tarkon da fidar roba ta saka uwa a ciki: zafin da zai kashe ƙwayar cuta shi ne zafin da zai fito da sinadari, idan ta guje wa ɗaya ta faɗa ɗayan. Kayan aikin da ke tilasta irin wannan zaɓi shi ne matsalar. Tsohuwar ƙara ce ma a kan fida, ta girmi maganar BPA nesa ba kusa ba. Likita Cicely Williams, wadda ta fara bayyana kwashiyoko a Ghana, ta yi jawabi mai zafi a Singafo a 1939 kan yadda tallan madarar gwangwani ke kashe jarirai. Derrick Jelliffe, da ya yi aiki a Ibadan, ya ci gaba da wannan yaƙi. A 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar taƙaita tallan madarar jarirai, ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi, kuma ƙa'idar ta ambaci fida da kan nonon roba ƙarara. Najeriya ta mayar da ita doka a 1990. Masu tsoron ƙwayar cuta da masu tsoron sinadari, ashe abu guda suke nunawa da yatsa.

Mafita ta farko kowa ya san ta, nonon uwa zalla wata shida, ba ruwa ba jiƙo, tun daga dakashi, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara biyu, wa'adin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara kuma likitanci ya zo ya tarar. Amma faɗar haka a tsaya zalunci ne ga mutane da yawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake shayarwa da nono zalla a Najeriya. Jihar Kaduna ta ƙara hutun haihuwa zuwa wata shida a 2019, abin a yaba, sai dai hutun na ma'aikatan gwamnati ne, bai kai ga mai tsinkar tumatir a fadamar Kudan ko mai suyar ƙosai ko ɗaliba mai jarrabawa ba. Akwai jaririn da uwarsa ta rasu wurin haihuwa aka miƙa wa kaka ko gwaggo, kuma irin wannan rashi bai yi ƙaranci a arewa maso yamma ba. Akwai tagwaye, akwai uwa mai ciwo. Al'adarmu ta san shayar da ɗan wata, addini ya tsara hukuncinta, kuma tana nan da amfaninta idan an yi wa mai shayarwar gwajin jini tukuna. Inda wannan bai samu ba, dole a ba yaro madara ko tatsattsen nono da wani mazubi, kuma tambayar ita ce wane.

Amsar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka daɗe suna bayarwa ita ce ƙaramin kofi buɗaɗɗe. Mutane kan yi mamaki, amma ko bakwaini ana ciyar da shi da kofi a asibiti: a tallafe shi a zaune, a kara bakin kofin a leɓensa na ƙasa har madara ta taɓa, a bar shi ya lasa da kansa, ba a ɗura masa. Kofin silba ko na tangaran ko na gilashi ba shi da lungun da madara za ta maƙale ta ruɓe, ana tafasa shi sau dubu ba ya sakin BPA ko ɓarɓashin roba, kuma akwai shi a kowane ɗaki. Yana da wahalarsa: yana cin lokaci, madara kan zube, ba a iya jingina wa yaro shi a tafi aiki kamar yadda ake yi da fida, ko da yake wannan jinginawar ita kanta haɗari ce ta shaƙewa. Wadda ba za ta iya rabuwa da fida ba, ta gilashi ta fi, in ana samu kuma aljihu ya kai, duk da tsoron fashewa a ɗaki mai yara. In kuwa ta roba ce kaɗai a hannu, shawarar masu binciken Dublin mai sauƙin bi ce: a raba zafi da roba. A tafasa ruwa a tukunyar ƙarfe, a dama madarar a kofin silba ko gilashi, a rufe ta huce, sannan a juye a fida. Ita fidar bayan an tafasa ta a bar ta ta huce, a ɗauraye ta sau uku da tafasasshen ruwan da ya yi sanyi. Kada a ɗura mata koko da zafi, kada a bar ta a rana, kuma ranar da ta yi hazo ko ta karce ko ta fara wari, aikinta ya ƙare, ko da ba ta tsage ba.

Saura a tambayi wa za a gaya wa wannan. A wurin awo mata ake tarawa a yi musu bayani, amma a yawancin gidajen wannan yanki ba maijego ce ke zuwa kasuwa ba. Miji ne ke sayo kayan haihuwa, ko uwar miji, ko 'yan barka da ke kawo fida ranar suna a cikin leda mai ƙyalli a matsayin kyauta ta wayewa, kuma amarya mai haihuwar fari ba za ta iya cewa ba ta so ba. Bayanin da ya tsaya a kunnen uwa bai isa ga mai riƙe da kuɗin ba. Makarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya daga kwalejin da aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, kuma su ne ke zaune a ƙananan asibitocin ƙauyuka, su ne masu kemis ke jin maganarsu. Nuna wa uba gindin fida da lambar da ke jiki, da nuna wa ungozoma yadda ake kara kofi a bakin jariri, aikin minti biyar ne a ranar rigakafi. Amma tantance abin da ke cikin robar da ake shigowa da ita buhu-buhu ya fi ƙarfin uba da ungozoma da mai kemis. Wannan aikin NAFDAC ne da hukumar kula da ingancin kaya ta SON, masu ɗakunan gwaji da ikon tsare kaya a tashar jiragen ruwa. Gwajin da za su yi ya kamata ya zama da tafasasshen ruwa da omo da fidar da ta kwana biyu tana aiki, kuma samfurin a ɗebo shi daga tabarmar ɗan koli a kasuwar ƙauye, domin a nan mafi yawan jariran ƙasar nan ake saya musu.